Zafin dare da ruwan da ke kwantar da katanga: sauyin yanayi ne, ko dama haka Sakkwato take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mabera ne a cikin garin Sakkwato, ina kuma da 'yar gona a wajen Kware. Abu biyu ke damuna shekarun nan. Na farko zafin bazara. Da can ko an sha rana, in dare ya raba mukan samu iska a tsakar gida, yanzu kuwa har asuba mutum na juyi cikin gumi, ga mahaifiyata ta manyanta, tana da hawan jini. Na biyu ruwan sama. Sai ya yi jinkiri, in an yi shuka ya ɗauke, ranar da ya dawo kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya ya kwantar da katangu. Na yi wa Baba maganar sauyin yanayi, sai ya ce Sakkwato dama garin zafi ne, kuma mu ba mu ga fari ba, su suka gani. Wa ke da gaskiya, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, ka kuma gaishe min da Baba, don maganarsa tana kan hanya. Sakkwato tana bakin Sahel, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Zafin da ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu tsohon abu ne a nan. Farin da yake faɗa kuwa ya faru: na 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe dabbobi, sun kwashe rumbuna, sun tayar da ƙauyuka. Idan aka auna da waɗancan shekaru, ruwan da ake samu tun daga shekarun 1990 ya ma ɗan farfaɗo. Saboda haka in Baba ya ce bai ga sabon abu a yawan ruwa ba, kada ka ja da shi. Abin da ya sauya shi ne yadda ruwan ke zuwa, da kuma daren da ya daina hucewa, kuma su biyun ne ka lura da su.

Mu fara da daren, tunda shi ya shafi Inna. Duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya tun lokacin da masana'antu suka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur, kuma 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa. Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne a kunne, amma ga garin da dama yake kan 42, shi ne ke kai shi inda jiki ke gazawa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masanan da suka bi diddigin wannan zafi sun nuna cewa da ba don ɗumamar duniya ba da bai kai haka ba. Mu ma nan ba mu manta da wancan azumin ba.

Sai dai akwai kason da namu ne, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Ka ɗora tafin hannunka a bangon bulo da ƙarfe goma na dare a watan Afrilu, za ka ji shi ɗumi kamar tanda. Bulo da siminti da kwalta suna shan rana wuni guda, su yi ta amayar da ita har asuba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara da kakanninmu suka kwana a ciki ba haka yake ba. Mun sauya shi da kwano marar silin, mun shafe tsakar gida da siminti, mun sare dogon yaron ƙofar gida don a fitar da shago. Wannan yana yi mini ciwo, don mun sayi zafi da kuɗinmu muna ganin ci gaba ne. Zafin dare kuma yana da haɗari sosai ga tsofaffi, domin da dare ne zuciya ke samun sararawa. In ba ta samu ba kwana uku, huɗu a jere, nan ake samun matsala.

Ga Inna, kada a jira sai ta ce tana jin ƙishirwa, tsofaffi ba su cika jin ta da wuri ba. A ajiye randa kusa da ita, a riƙa miƙa mata kofi a kai a kai. Fitsari in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A jiƙa zane a shafa mata a wuya da hammata. Idan ɗaki ya ɗau zafi sosai, fanka kaɗai iskar wuta take hurawa, sai an haɗa da jiƙa jiki. Ka kuma kai maganinta na hawan jini wurin likitanta kafin bazara ta kankama, domin wasu magungunan suna sa yawan fitsari, shi zai faɗa muku yadda za a yi, har da batun azumi. In kuwa ka ga ta ruɗe, ko maganarta ta sauya, ko jiki ya yi zafi rau babu gumi, ku zuba mata ruwa ku nufi asibiti nan take. Haka nan zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a wannan lokaci na ƙura da zafi, sanƙarau ake fara zato. Annobar 1996 da ta 2017 duk a irin wannan lokaci suka yi ɓarna, kuma cunkoso a ɗaki marar taga na taimaka masa.

Batun ruwan sama dalilinsa a fili yake. Iska in ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Sai ta daɗe tana tarawa, ranar da za ta sauke kuma ta sauke gaba ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadaran Sahel masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku. Ruwan da ya kamata ya rabu kwana biyar ƙasa ta sha a hankali, sai ya zuba cikin awa biyu, ya gudu ya bar gona da ƙishi, ya tafi da taki. Mun ga fuskokin abin biyu a kan gulbin Rima kaɗai. A Satumbar 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka a yankin Goronyo, ta yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, hankalin masu noman rani da na masu jiran famfo a birni ya tashi.

A gonarka, babban tarkon shi ne ruwan farko. Ana yin sa, ƙamshin ƙasa ya tashi, kowa ya ɗau sungumi, sai sama ta yi shiru mako biyu, tsiro ya ƙone. Masana aikin gona na Sahel suna ɗaukar damina ta sauka ne in an samu kamar milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da dogon ɗaukewa ya biyo baya ba. Kai da ba ka da ma'auni, tona ƙasa da hannu. In danshin bai kai zurfin tafin hannu ba, ka ƙara haƙuri. Kada ka zuba irinka duka a binne, ka raba shi biyu ko da za a sake shuka. Ka nemi gero mai saurin nuna irin su SOSAT, ka haɗa da wake ɗan wuri. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukarta a kowace jiha. Ba wahayi ba ne, ruwa na Allah ne, amma ya fi shuka da ka.

Abin da na fi so ka gwada shi ne wanda maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram suka yi, suna kiransa sassabin zamani. Lokacin sharar gona, maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa, saiwar tana nan a ƙasa tun tuni. Da wannan suka dawo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. In ka samu gawo a gonarka, ka riƙe shi kamar dukiya. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Ka duba geron da ke ƙarƙashin gawo a watan Agusta, ka kwatanta da na nesa da shi, idonka zai ba ka amsa.

Katangar Mabera kuwa, ka san unguwarku da kwanciyar ruwa. Kafin ƙarshen Mayu ku haɗu da maƙwabta ku yashe kwalbati, ledar ruwa da yashi ne ke toshe ta. Ka yi wa gindin katangar ƙasa yaɓe, ka gyara indararo ya zubar nesa da bango, kada kuma a kwantar da yara jikin katangar da ta jiƙa kwana biyu. Sannan ka zauna da Baba ka tambaye shi inda ruwa ke bi a unguwar kafin a cika ta da gidaje. Hanyar da zai nuna maka, ita ruwan zai nema ranar da aka yi babban hadari, kuma nan ne za ku fara buɗewa.