Kwasetin a Matsayin Ma'auni: Me Ya Sa Sakamako Ke Sauyawa?

Tambaya: Da kwasetin (wani nau'in filabonoyid da ake ɗauka a matsayin ma'auni) muke auna yawan filabonoyid, wato wasu sinadarai da ake samu a tsirrai, a ganyayyaki, amma sakamakon yau daban, na gobe daban. Ina matsalar take?

Amsa: Fara duba takardar da ke jikin kwalbar kwasetin ɗin. In kwasetin mai ƙwayar ruwa biyu ne, kusan kashi 11 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Ninka nauyin kwasetin da ka auna da 0.89 don cire nauyin ruwan, in ba haka ba sakamakonka zai zarce gaskiya. Nan mutane da yawa ke kuskure.

Narkar da miligiram 10 na kwasetin cikin mililita 10 na metanol (wani nau'in alkohol), don da ƙyar yake narkewa a ruwa. Haske da iska na lalata shi, saboda haka a sa shi a kwalba mai duhu cikin firiza, a riƙa tsarma sabo kullum. Bayan zuba aluminiyam kuloraid (sinadarin da ke fito da launin da ake aunawa), jira minti 30 cif, sannan ka karanta a na'urar auna haske, a tsayin zangon haske na nanomita 415.