Amsoshin Tambayoyinku: Ina shan maganin waswasi, in sayi katin tarot?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, ina zaune a Anguwar Rogo. Tun bara likita ya ɗora ni a kan maganin fargaba da waswasi. Kwanakin nan na kamu da kallon masu buɗe katin tarot a TikTok, waɗanda ke cewa ka zaɓi tsibi ɗaya cikin uku. Wallahi wani lokaci kamar sun shiga zuciyata. Akwai wata mai sayarwa a Instagram, ta ce naira dubu talatin har da littafin bayani, kuma wai ba duba ba ne, hanyar fahimtar kai ce, tana ma rage damuwa. In saya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki saya. Ba don katin yana da wani ƙarfi da zai kama ki ba, sai don irin ciwon da kike jinya ya fi kowane ciwo iya mayar da shi abin azabtar da ke.

Ki fara sanin abin da ake tallata miki. Kati 78 ne, manya 22 masu zanen sarki da rana da wata da mutuwa, sai ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu kamar kartar da kika sani. Karta ce kuwa tun asali. A arewacin Italiya ta ɓullo wajajen 1440, masu mulkin Milan suna biyan masu zane su ƙawata musu ita don wasa, kuma har yau akwai masu buga ta a Faransa ba da niyyar duba ba. An yi sama da shekara 300 a haka kafin wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya fito a 1781 ya ce zanen yana ɗauke da asirin malaman tsohuwar Masar. A lokacin babu mai iya karanta rubutun Masar ɗin ma, sai a 1822 aka warware shi. Wanda aka fi sayarwa yanzu, mai yiwuwa shi ne kika gani, an buga shi ne a Landan a 1909, wata mai zane Pamela Colman Smith ce ta zana shi. Takarda ce da tawada daga maɗaba'a.

To me ya sa kike jin kamar sun shiga zuciyarki? A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa gwaji, ya ce zai rubuta wa kowa bayanin halinsa. Da ya raba takardun, ya ce kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5 kan yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya ba kowa, jimlolin ma daga littafin masu duban taurari ya tsinto su. Haka masu TikTok ke yi. "Akwai wanda kika amince da shi ya ba ki kunya." "Kina ɓoye damuwarki don kada a gane." Wace budurwa ce daga Farin Gada zuwa Bukuru wannan bai shafa ba? Kuma manhajar tana lura da bidiyon da kika tsaya a kai, sai ta ƙaro miki irinsa. Idan mai magana ta ce "in wannan bidiyon ya zo miki, saƙonki ne", ki tuna dubban mutane ne suka ji wannan jimlar a daren.

Yanzu ga inda abin ya shafe ki ke kaɗai. Ciwon waswasi abincinsa neman tabbaci. Mai shi yana komawa ya duba ko ya kulle ƙofa, yana sake alwala, yana tambayar ƙawa "kin tabbata ban ɓata miki rai ba?" Kowace dubawa tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, sannan kokwanto ya dawo da ƙarfi fiye da da, don ƙwaƙwalwa ta koyi cewa sai an duba ake samun lafiya. Shi ya sa masu ba da magani ta hanyar tattaunawa suke horar da mai waswasi ya zauna da kokwanton, ya ƙi dubawa, har fargabar ta sauka da kanta. Katin kuwa kayan dubawa ne da ba ya gajiya, ba ya barci, ba ya ce miki "haba, ya isa".

Ki ƙaddara yana hannunki. Ƙarfe biyu na dare, sanyin Disamba, kina cikin bargo, jarrabawa saura kwana uku. Kin yamutsa katin kin zaro ɗaya, sai ga mai lamba 16: doguwar hasumiya, tsawa ta faɗa mata, wuta na fita ta tagogi, mutum biyu suna rikitowa ƙasa. Littafin zai lallashe ki ya ce alamar sauyi ce. Zuciyarki ba za ta karanta littafin ba. Za ki ce hannunki ya goce, ki sake. In mai kyau ya fito, za ki ce bari in ƙara don in tabbatar. In mai lamba 13 ya fito, ƙwarangwal a kan farin doki, ai barci ya ƙare ke nan. Kiran assalatu zai same ki a zaune, ba karatu, ba hutu, ga bugun zuciya.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda ke cewa suna kallon zanen ne kawai don ya buɗe musu tunani, su rubuta abin da ke damunsu, kuma sun ji sauƙi. Na yarda sun ji. Amma abin da ya yi musu aiki shi ne zaman shiru da fitar da magana daga ciki, kuma don wannan, littafin rubutu da biro daga kasuwar Terminus sun wadatar, ba tare da ƙwarangwal ya leƙo ki ba. Tarot ba ya cikin hanyoyin da likitocin ƙwaƙwalwa suka amince da su don jinya, komai daɗin bakin mai talla.

Batun "ba duba ba ne" kuma, ki gwada shi da tambayoyin da kike son yi wa katin. In sun ƙunshi "zai aure ni?" da "zan ci?", to duba ne, daidai da bugun ƙasa da zuba wuri, sai dai wannan ya zo a kwali mai sheƙi. Hadisin da Muslim ya ruwaito a bayyane yake: wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ƙarshen Suratu Luƙman ma ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. 'Yan'uwanmu Kirista suna da irin wannan hanin a Maimaitawar Shari'a sura 18. Sai dai ban kawo wannan don ki tafi ki ƙara wa kanki wani sabon waswasin kan bidiyoyin da kika riga kika kalla ba. Ki yi istigfari, ki wuce. Ko istihara ma, mai irin ciwonki yakan mayar da ita abin maimaitawa yana farautar mafarki. Ki yi, ki nemi shawarar manya, ki yanke.

Dubu talatin ɗin ki ajiye ta don magani da kuɗin keke zuwa asibiti. A TikTok, ki danne yatsa a kan irin bidiyon ki zaɓi cewa ba ki da sha'awa, sannu a hankali za su ragu. Ranar ganin likita ki gaya masa kin fara kallon su, da ƙarfe nawa, da yadda kike ji bayan nan. Ya ji abin da ya fi wannan.

Tambaya: Hajiya, ƙanena ne. An kwantar da shi bara, aka ce cutar bipolar ce, wato larurar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin zumuɗi mai yawa da baƙin ciki mai tsanani, ya samu sauƙi har ya koma shagonsa a Rikkos. Yanzu ya haɗu da wata mai buɗe kati ta WhatsApp, ta ce masa ba ciwo ba ne, baiwa ce, wai magani ne ke rufe masa ido. Ya bar sha. Ba ya barci, kuɗi kuma sai turawa yake yi. In ƙona katin da ya saya?

Amsa: Malam, ka bar katin tukuna, ba shi ne gaggawa ba. Mai bipolar da ya bar magani, ya daina barci ba tare da jin gajiya ba, yana watsa kuɗi, yana ganin an zaɓe shi da wata baiwa, alamun dawowar ciwon ne, kuma yana bukatar likita a makon nan, ba bayan an gama shawarar dangi ba. Ga mai irin wannan larura, ko mai jin muryoyi, ko mai ganin kowane abu ishara ce gare shi, kati ya fi haɗari, domin ciwon da ma yana ɗinka ma'ana inda babu ita. In ka ƙona, ka zama maƙiyin da aka ce masa zai zo.

Kada ka yi gardamar baiwa da shi. Ka kama abin da ba zai musa ba: "Kwana nawa rabonka da barci? Zo mu je a duba wannan." Ka tafi da wanda yake jin maganarsa, ku koma inda aka kwantar da shi, ko sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, da katinsa na asibiti da ragowar maganin. Ka kuma tambaye shi cikin natsuwa me ya ƙi a maganin. Sau da yawa akwai ƙiba, ko kasala, ko rawar hannu da mutum ya gaji da su tun kafin mai duba ta ba shi hujja, kuma likita na iya rage awo ko sauya wani. In ya fara maganar kashe kansa ko cutar da wani, ku wuce sashen gaggawa a take, kada a bar shi shi kaɗai.

Katin ATM ɗinsa ya dawo hannun amintacce na ɗan lokaci, da saninsa in ya yiwu. Ka adana saƙonni da shaidar tura kuɗin, don salon sananne ne: dubawar farko da araha, sannan a ce an ga asiri, sai an biya a warware.

Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya kawo shawarar a kai shi gidan mari, ka ƙi. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba ƙanenka haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci. Addu'a da ruƙiyya ku yi ta yi, amma tare da magani.

Tambaya: Anti, ni lafiyata ƙalau, don nishaɗi na sauke wata manhajar tarot da aka ce kyauta ce. Na goge ta, amma har yanzu ana cire mini kuɗi duk mako.

Amsa: 'Yata, kyautar ta 'yan kwanaki ce, bayanta biya yake sabunta kansa, kuma goge manhaja ba ya soke rajista. In Android ce, ki shiga Play Store, ki taɓa hotonki a sama, ki nemi wajen biyan kuɗi da rajista, ki soke ta daga can. In iPhone ce, ki shiga saiti, ki taɓa sunanki, jerin yana ciki. Idan kuma lambar katinki kika ba su kai tsaye a shafinsu, ki je banki su toshe katin su ba ki sabo.