Bashin asibiti: in karɓi zakka ko in jira gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Yelwa, Garwa, a Kamaru. Bara aka yi wa matata aiki wajen haihuwa, na ranci sefa dubu 300 hannun wani ɗan kasuwa, na kuma kwashi adashi tun zagayena bai zo ba. Yanzu mai kuɗi ya matsa. Wani Alhaji ya ce zai biya daga zakkarsa, amma kunya ta hana ni, don ina da sana'a. Wana ya ce in jira tallafin gwamnati, ya fi mutunci. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa maiɗakinka lafiya.

Ɗan'uwa, ka je ka karɓi zakkar nan, kada ka kai mako.

Wanka ba mugunta yake nufi ba, amma abin da yake sa ka jira ba don irin matsalarka aka yi shi ba. Tallafin da yake magana, wanda gwamnati ta faro a 2013 da kuɗin Bankin Duniya, gidaje mafiya talauci ake zaɓa, ana ba su ɗan kuɗi lokaci-lokaci don ci da ƙaramar sana'a. Ba mutum ke zuwa da takardar bashi a biya masa ba, kuma mai keken ɗinki da shago da wuya ya shiga sahun farko. Ko yafiyar bashin da aka yi wa Kamaru a 2006, bashin ƙasa ne aka yafe, ba na tela ba.

Kunyar nan ita ta fi damuna, don na sha ganin ta cinye gidaje. Mutum ya sayar da keken da yake ci da shi, ya kai zanin matarsa kasuwa, ya daina bin layin da mai kuɗi yake, duk don kada a ce ya karɓi zakka. Alhali a Suratu Tauba, aya ta 60, Allah ya lissafa rukunin mutane takwas da ake ba zakka, kuma mai bashi yana ciki da sunansa, daban da fakiri da miskini. Ke nan ba sai ka rasa abincin dare ba. Sharaɗin malamai shi ne bashin ba na saɓo ba ne, kuma ba ka da abin biya. Kai ran mata da jariri ka ceta. Alhajin nan farali yake saukewa, kai ma kana taimakonsa.

Wannan ba ya nufin na sallami hukuma. A farkon zamani, in aka kawo gawar mai bashi, Annabi (SAW) yakan ce sahabbai su yi masa salla, shi ba ya yi. Har wata rana Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa, sannan Annabi ya sallace shi. Da Allah ya buɗa wa Musulmi, sai Annabi ya ce wanda ya mutu ya bar bashi, shi Annabi ne zai biya. Wato nauyin ya tashi daga wuyan mai kirki guda ya koma kan shugabanci. Kai ka ci sa'ar sanin Alhaji. Bazawarar da ke garin Pitowa kusa da Garwa ko manomin audugar da damina ta ci amanarsa, wa suka sani? Kyautar mutum iyakarta inda idonsa ya kai.

Inda gwamnati ta fi amfani shi ne tun kafin bashi ya hau. A jihohin arewacin Kamaru akwai takardar masu juna biyu da ake kira Chèque santé: sefa dubu 6, ta ɗauki awo da haihuwa har da aikin tiyata, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin shirin. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, mata da yawa ba a taɓa gaya musu ba. In Allah ya kawo wani rabon, a yanke ta tun awon fari, kuma ka gaya wa abokan sana'arka.

Ga yadda za ka yi. Ka roƙi Alhaji ku je wurin mai kuɗin tare, ko ya aika da wakili, a biya gaban shaidu biyu, a rubuta. In zakkar ba ta kai duka ba, ka nemi rangwame a kan saura, Suratul Baƙara aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. In kuma ya ɗora maka ruwa a kan uwar kuɗi, ka kai maganar gaban limami ko mai unguwa kafin a biya ko dala.

Adashi kuwa kada ka tsallake zubi. Waɗancan talakawa ne irinka, kowa jiran kwasarsa yake. Ka zauna da uwar adashi, ka gaya mata abin da za ka iya kawowa duk mako har zuwa ɗinkin salla.