Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan takardar labarai ta iyayen yara

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya sanya albarka a sabon matsayi, ya ba ki ikon sauke nauyi. Na ga tambayarki cewa mai makarantarku a Agege da ke Legas ya ce ki fara fitar da takardar labarai don iyaye su riƙa sanin abin da 'yan firamare ke yi a aji, musamman ayyukan hannu, ke kuma kina ganin asarar takarda ce tunda iyayen yaranmu ba sa karantawa. Wasu sun ce ki buɗe musu guruf a WhatsApp kawai ki huta. Ni dai shawarata ki yi takardar. Na daɗe ina koyarwa a firamare a ɓangaren Idi-Araba, 'ya'yana kuma sun yi karatu a wasu makarantun, don haka na rubuta irin wannan takarda, an kuma aiko mini da ita gida.

Maganar cewa iyayenmu ba sa karantawa akwai gaskiya a ciki, amma ki duba dalilin. Duk takardar da yaro ya taɓa kawowa gida daga makaranta, ta neman kuɗi ce: kuɗin zango, kuɗin jarrabawa, kuɗin rigar wasanni, kuɗin bikin ƙarshen shekara. Uba ya riga ya saba, yana ganin tambarin makaranta a saman takarda gabansa zai faɗi, ya ce a ajiye sai anjima. Saboda haka abu na farko da za ki tsaya a kai da mai makaranta tun kafin ki rubuta kalma ɗaya shi ne, ba za a sa maganar kuɗi a wannan takarda ba. Ko naira ɗaya. Takardar bashi ta tafi daban, a wata rana daban. Zai yi miki gardama, zai ce ai ga fili a ƙasan shafi, a ɗan tuna wa waɗanda ba su biya ba. Kada ki yarda. Ranar da aka sa tunin bashi a ciki, daga ranar ta koma irin sauran.

Sai ki tuna su wa kike rubuta wa. Uban yaro ya fita tun kafin asuba zuwa Mile 12 sauke tumatir da albasa, ko yana mayanka a Oko-Oba, ko direban babbar mota ne da zai kwana uku a layin Apapa bai ga gida ba. Wadda takardar za ta faɗa hannunta uwa ce, ko yaya, wani lokacin kaka. Da yawa daga cikinsu suna karanta Hausa sarai, wasu sun fi ƙarfi a ajami, amma dogon Turanci na ofis yana gajiyar da su, kuma ba za su ce miki ba su gane ba. Mu abin da muke yi, takarda ɗaya ce, gaba Turanci baya Hausa. Turancin ba a cire shi, saboda akwai 'ya'yan Yarabawa da na sauran ƙabilu a ajin, kuma bai kamata su ji an ware su ba. Bayan an raba takardar, wata malama mai murya a sarari takan karanta ɓangaren Hausar a saƙon murya na minti biyu ta tura guruf. Nan ne WhatsApp yake da amfani. Uwa tana tuƙa tuwo tana saurare, direba yana cikin mota yana saurare. Amma ki kulle guruf ɗin ta yadda masu kula da shi kaɗai za su iya turawa, in ba haka ba kafin azahar saƙonki ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa. Wanda ke da magana ya kira lambar makaranta.

Yanzu abin da za a rubuta, wanda nan ne yawancin makarantu ke faɗuwa. Za ki ga an rubuta, a wannan mako ɗalibanmu sun gudanar da ayyuka masu ƙayatarwa a fannin kimiyya da fasaha. To me uwa za ta yi da wannan? Ba ta san abin da aka yi ba, ba ta san me za ta tambayi ɗanta ba. Ki sa malamai su faɗi ainihin abin da ya faru. Misali: 'yan aji uku sun yanke robar ruwa gida biyu, sun zuba ƙasa sun shuka wake, sun ajiye wasu a bakin taga, wasu cikin kabad inda babu haske, ku tambayi ɗanku wanne ne ganyensa ya yi kore, wanne ya yi fari ya langaɓe, kuma me ya sa. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce zuciyar takardar. Kowane aji ya samu layi uku ko huɗu, ya ƙare da abu ɗaya da za a tambayi yaro a gida. Uwar da ba ta yi boko ba za ta iya yin wannan tambaya, yaron kuma zai zage yana bayani, don ba kullum ake tambayarsa abin da shi ya sani babba bai sani ba. Na ga yaran da ba sa buɗe baki a aji sun dawo washegari suna cewa Malama, Babanmu ya ce shi ma a gonarsu a gida haka dawa take yi in ta tsiro a inuwa.

Game da ayyukan hannu da kika fi damuwa da su, akwai ciwon da ke damun iyaye a Legas wanda takardar nan za ta iya magancewa in an yi ta da gaskiya. Malami zai tashi ranar Alhamis ya ce kowa ya kawo gidan kwali mai bene ranar Litinin, za a ba da maki. Yaro ya zo gida yana kuka, uwa ta rasa inda za ta sa kanta, a ƙarshe a kai wa mai zane a bakin titi a biya shi ya yi. Ranar Litinin ɗan mai kuɗi ya zo da gida har da fitila, ɗan mai tura baro ya zo hannu rabbana ya sha bulala. Na taɓa biyan irin wannan kuɗi a wata makaranta da 'yata ta yi, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin yarinyar ba ta koyi komai ba sai cewa aiki abin saye ne. Ki sa a takardar, sati biyu kafin lokaci, cewa ga aikin da ke tafe, ga abin da ake bukata, kuma duk daga abin da ke cikin gida: kwalin taliya, murfin kwalba, ledar ruwa da aka wanke, tsinken tsintsiya, ƙyallen da tela ya zubar, garin rogo ko fulawa a dama a yi gam. Ki rubuta ƙarara cewa a aji za a yi aikin, kuma hannun yaro ake son gani, ko ya karkace. Ki kuma ja kunnen malamai su daina cewa a kawo farin mazubin abincin nan na soso, tunda gwamnatin jihar Legas ta hana amfani da shi tun Janairun 2024. Bai dace makaranta ta tura iyaye neman abin da hukuma ta haramta ba.

Wasu iyayen za su ce mun biya kuɗi a koya wa yaro lissafi da Turanci, an zaunar da shi yana wasa da laka. Kada ki ji haushi, ba a taɓa yi musu bayani ba ne. Layi biyu sun isa: darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar karatun firamare da hukumar NERDC ta tsara wa ƙasa baki ɗaya, ba ƙirƙirar malami ba ce, kuma yaron da ya auna kwali da rula ya yanka daidai, lissafi ya yi. Haka maganar Yarabanci. Tun 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da harshen Yarabanci a makarantun jihar, na gwamnati da masu zaman kansu. Uba da yawa bai san da wannan ba, sai ya ji ɗiyarsa tana rera waƙar Yarabanci a tsakar gida ya taho makaranta a fusace. Da an gaya masa tun farkon zango, har an rubuta masa ma'anar waƙar, da ba a kai nan ba.

Akwai kuma abin da ya shafi addini, wanda ke kin fi ni sanin unguwarku. Akwai gidajen da ba sa son yaro ya zana mutum ko dabba, akwai waɗanda ba sa son 'yarsu ta yi rawa a gaban jama'a ranar bikin al'adu ko ranar yara ta 27 ga Mayu. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne sai ranar ta zo. Ki sanar da wuri, ki ba da zaɓi: wanda ba zai zana dabba ba ya zana itace, ko masallaci, ko zayyanar da ake yi wa allo da bangon gidajen Hausa. Rigimar da na gani tsakanin iyaye da makaranta kan irin wannan, kusan duk ba aikin ne ya jawo ta ba, jin labarinsa a bakin yaro bayan an gama ne.

Abin da ya fi yi mini daɗi a harkar nan shi ne yadda takardar ke jawo iyaye mata cikin aji. Mun taɓa sanar da cewa 'yan aji biyar za su yi rinin ɗaure irin adiren Abeokuta, muka ƙara da cewa a Kano ma akwai marinar Ƙofar Mata da ta shekara ɗaruruwa ana rini da baba, duk wadda ta san wata sana'ar hannu ta zo ta nuna wa yara. Sai ga wata kaka ta zo da kaba ta zauna tana saƙa faifai yara sun kewaye ta, wata uwa ta kawo hular da take ɗinki ta nuna musu yadda ake ƙirga zare. Matan nan sun shekara suna kawo yara bakin ƙofa suna juyawa, suna ganin makarantar boko ba wurinsu ba ne. Jikan tsohuwar nan kuwa sati guda yana tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Hotuna: gani ya kori ji, hoto ɗaya na aikin yara ya fi dogon bayani. Amma ki yi hattara. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ake amfani da bayanan yaro, kuma ko ba doka, hoton da ya shiga WhatsApp ba ki san inda zai tsaya ba. Ki karɓi izini a rubuce a farkon shekara. Wanda ya ce a'a, a girmama shi. Ni na fi son a ɗauki hannayen yara da abin da suka ƙera, fuska ba dole ba ce. Kada a haɗa cikakken sunan yaro da hotonsa da ajinsa wuri ɗaya. Kada kuma a sa wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na ƙarshe, wannan na katin sakamako ne. Sai dai ki riƙe rajista a gefe, kina yi wa suna alama duk lokacin da aka ambaci yaro, don kafin zango ya ƙare kowane yaro ya fito ko sau ɗaya, ko da a kan ya taimaka wajen share aji ne. In ba ki yi haka ba, yara biyar ɗin nan masu ɗaga hannu su ne za su cika takardar daga Satumba har Yuli.

In za ku fita yawon buɗe ido, shi ma nan ne wurinsa, amma da cikakken bayani: ina za a je, ƙarfe nawa mota za ta tashi, ƙarfe nawa ake sa ran dawowa, malamai nawa za su raka. Daga Agege zuwa Onikan ba nan kusa ba ne, kowa ya san cunkoson hanyar, uwa kuma hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ga ɗanta. In gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan za ku, ki ambata cewa motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki a 1976 tana nan a ajiye. Za ki ga iyaye maza da kansu suna tambaya ko akwai wuri a motar da za ta kai yaran.

Kada mai makaranta ya ja ki zuwa mujalla mai sheƙi da za a kai Shomolu a buga sau ɗaya a shekara da hotonsa a bango. Wannan talla ce, kuma kuɗinta a kan iyaye zai ƙare. Fotokwafi baƙi da fari, takarda ɗaya, duk sati biyu, ya wadatar. Duk sati zai gajiyar da malamai, kin kuma san albashin da ake ba su a ƙananan makarantunmu. Kada a ɗora musu rubutu da daddare da datar aljihunsu. Kowane malami ya ba ki layukansa a takarda ranar Laraba, ke ki haɗa, makaranta ta sayi data. A manna takardar da sitefula a cikin littafin aikin gida, don in aka saka ta haka nan a jaka, da man shinkafa za ta isa gida, lokacin damina kuwa ba za ta isa ba ma. A ƙasanta ki bar ɗan wuri da za a yage a dawo da shi, inda uwa za ta sa hannu ko ta rubuta abin da ke ranta, da boko ko da ajami. Na farko da na biyu kaɗan ne za su dawo, kada ki karaya. Duk wadda ta rubuto wani abu, ki tabbata kin amsa mata, ko a bakin ƙofa ne lokacin tashi, domin ita za ta gaya wa maƙwabtanta cewa ana karantawa.

Ina da kwafin wasu da muka fitar a zangon da ya wuce, har da ɓangaren Hausar. In kina so ki yi mini magana ta gefe in cire sunayen yara in turo miki ki ga tsarin. Ki gaida malaman naku.