Ga ɗan'uwan da ke tambaya kan injin da zai zaɓa wa sabuwar a-kori-kura

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don maganar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce za ka ciro sabuwar a-kori-kura, dila ya ajiye maka zaɓi uku a kan bodi iri ɗaya: injin fetur mai lita 2.7, ƙaramin dizal mai lita 2.4, da babban dizal mai lita 2.8. Ka kuma ce yawancin zirga-zirgarka a cikin gari take, daga gida zuwa wurin aiki bai wuce kilomita takwas ba, amma sau ɗaya ko biyu a wata kana loda kayan gini, sannan kana tunanin jan tirela nan gaba. Na ga 'yan'uwa da yawa sun ce ka rufe ido ka ɗauki babban dizal. Ni dai ban bi bayansu ba, kuma dalilina abu ne da ya faru da ni.

Daga lambobin da ka kawo na gane Hilux kake nufi, to bari mu fara da abin da ke rubuce a takarda. Injin dizal mai lita 2.8, tun gyaran da Toyota ta yi masa a 2020, yana ba da ƙarfin doki 204 da ƙarfin juyi 500 a ma'aunin Nm idan giyar otomatik ce, mai giyar hannu kuwa 420 a ƙasashe da yawa. Ƙaramin dizal ɗin yana wajen doki 150 da Nm 400. Na fetur kuma yana wajen doki 164 da Nm 245. Ka lura da wani abu a nan: na fetur ya fi ƙaramin dizal yawan doki, amma duk wanda ya tuƙa su biyun da kaya a baya zai rantse maka dizal ɗin ne ƙaƙƙarfa. Ba ƙarya ya yi ba. Doki shi ne abin da kake ji idan ka taka totur har ƙasa a buɗaɗɗen titi. Ƙarfin juyi kuwa shi ne abin da ke tayar da mota daga tsaye da buhunan siminti a bayanta. Dizal yana sakin duk ƙarfin juyinsa tun inji na juyawa sau 1,600 a minti, na fetur ɗin kuma sai ka kai shi kusan 4,000, inji na kuka, kafin ya ba ka nasa. Shi ya sa a hawa da kaya mai fetur sai ya riƙa sauke giya, mai dizal kuwa ya haye a hankali kamar ba komai.

To idan haka ne, me ya hana in ce ka ɗauki dizal?

A-kori-kura uku na riƙe zuwa yanzu. Ta farko fetur ce, ta yi mini shekara bakwai, ban san wani abu ba sai juyen baƙin mai, fulogi da birki. Da na zo sayen ta biyu sai na bi maganar mutane na ɗauki dizal na zamani mai tarbo, wato na'urar da ke hura wa inji ƙarin iska, alhali a lokacin aikina irin naka ne: tafiyar minti goma sha biyar da safe, a kashe mota, minti goma sha biyar da yamma. Wata na farko zuwa na biyar daɗi kawai nake ji, tanki ba ya ƙarewa. Wata rana ina tafe da bulo a baya, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, mai hoton akwati da ɗigo-ɗigo a ciki. Ban ba ta muhimmanci ba. Bayan kwana uku, a tsakiyar wani hawa, motar ta janye ƙarfinta gaba ɗaya, na taka totur har ƙasa amma ta ƙi wuce tafiyar keke, motoci na ta yi mini hon a baya. Da ƙyar na lallaɓa ta zuwa gareji. Makanikin bai buɗe komai ba tukuna, sai ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya nuna mini. Man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa. Ya ce in shinshina. Warin dizal ne zalla.

Abin da ya bayyana mini shi nake so ka riƙe. Injin dizal na zamani a ƙasashe da yawa yana da wata matata a cikin salansa, wadda ake kira DPF, aikinta kama baƙin hayaƙi. Idan ta cika, kwamfutar motar tana ƙara fesa mai don ta ɗaga zafin salansa zuwa wajen digiri 600, ta ƙone abin da ya taru. Wannan ƙonawar tana son tafiya mai ɗorewa, kamar minti ashirin zuwa talatin ba tsayawa, inji da zafinsa. Ni kuwa kullum kafin ta yi nisa na isa na kashe mota. Sai matatar ta toshe, ƙarin man da ake fesawa kuma wani ya riƙa zurarewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Ba motar ce ke da aibu ba, aikin da na ba ta ne ba nata ba. Daga ranar na koma fita babban titi duk mako ina yawon da ba gaira ba dalili don kawai matata ta ƙone, wato man da nake cewa na adana a can nake ƙone shi. Kilomita takwas ɗinka nan su suka sa na zauna rubuta maka wannan.

Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa dila ita ce: dizal ɗin nan yana da DPF ko babu? Yana shan ruwan AdBlue ko ba ya sha? Kamfani ɗaya yana fitar da inji ɗaya da tsari daban-daban gwargwadon dokar hayaƙin ƙasar da za a kai shi. AdBlue ruwa ne mai kashi 32.5 cikin ɗari na yuriya da ake fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi, yana da tankinsa daban, kuma idan ya ƙare ƙaf motar ba za ta yarda ta tashi ba bayan ka kashe ta. Kada ka yarda da amsar baki, a nuna maka a littafin motar. Idan babu DPF, rabin fargabata ta tafi.

Ragowar rabin kuwa maganar mai ce. Tsofaffin injinan dizal da mutane ke yaba wa da cewa ba sa mutuwa, ba su ne dila ya ajiye maka ba. Na yanzu yana tura mai zuwa nozul da matsin da ya kai wajen 2,000 a ma'aunin bar, ta ramuka da suka yi siririn gashi. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya cinye nozul da famfon mai, kuma gyaransu na cikin mafi tsada a jikin motar. An gina injinan nan ne a kan mai mara sulfa sosai, irin wanda Turai ta kayyade a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka kuma 15 tun 2006. In ba ka da tabbacin samun mai tsaftatacce a hanyoyin da kake bi, ka sa wannan a lissafi. Injin fetur mai lita 2.7 ɗin nan kuwa ba shi da tarbo, tsarinsa tsoho ne da aka daɗe ana amfani da shi, kusan duk makanikin da ya iya aikinsa zai gane kansa.

Kan shan mai gaskiyar masu goyon bayan dizal ce, ba gardama. Lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi goma da wani abu cikin ɗari, kuma injin yana matse iska sosai fiye da na fetur, shi ya sa yake cin moriyar man da kyau. Ina rubuta duk man da na sha a ɗan littafi da ke cikin mota. Ta fetur ɗina tana shan wajen lita 13 a kilomita 100, dizal ɗin wajen 9. Bambancin lita huɗu ke nan. Yanzu ɗauki biro. Mai tafiya irin taka, ko an haɗa da fita ta ƙarshen mako, da wuya ya wuce kilomita 8,000 a shekara, wato lita 320 ya adana. Wanda ke cin kilomita 40,000 kuwa ya adana lita 1,600. Ka juya litocin nan zuwa kuɗi da farashin inda kake, ka raba ƙarin kuɗin da dila ya ɗora wa dizal da abin da ka samu, ka ga shekara nawa za ka yi kafin ka fanshe. Kar ka manta sabis ɗin dizal ya fi nauyi: baƙin man ya fi yawa, ga filtar mai da ke raba ruwa wadda ake tsiyayewa ana canjawa. Na kilomita 40,000 zai fanshe da wuri. Kai kuwa ina jin za ka sayar da motar kafin lissafin ya dawo.

Ko a Amurka, inda a-kori-kura ta zama motar kowa, abin da ya faru ke nan. Ford ta daina sa dizal a F-150 a 2021, Ram ma ta janye nata ƙaramin dizal ɗin daga samfurin 1500 a farkon 2023, aka bar dizal galibi ga manyan da ke jan kaya masu nauyi kullum. Wani abin da suka koya tun da Ford ta sa injin EcoBoost mai lita 3.5 a F-150 a 2011 shi ne, injin fetur mai tarbo yana da sauƙin sha ne idan mota ba kaya. Da ka ɗaura masa tirela, tarbo ya fara hura iska, zai sha kamar babban inji mai silinda takwas. In ka faɗa wani shagon aka nuna maka irinsa, ka san da wannan.

Wuri ɗaya da zan ja maka kunne game da na fetur mara tarbo shi ne tudu. Injin da ke shaƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau sama, saboda iska na raguwa. Mai tarbo yana cike giɓin. Idan hanyarka ta kan duwatsu ce kuma da kaya, to maganar ta canja.

Sai tirela. Ka ce "nan gaba", kuma wannan kalmar ita ke sa mutane sayen injin da ba sa buƙata. Wace irin tirela, nauyinta nawa, sau nawa a shekara? Ƙaramar tirela mai tan ɗaya, sau uku a shekara, kowanne cikin ukun zai ja ta. In kuwa ta kai tan biyu da rabi ko uku kuma duk mako, to babban dizal ne naka, ba wani zaɓi. Mota ta uku da nake riƙe da ita yanzu dizal ce, don aikina ya koma doguwar hanya da jan injin haƙa, kuma shekara huɗu ke nan fitilar nan ba ta taɓa kamawa ba.

Amma ko a nan akwai abin da talla ba ta faɗa. Za ka ji an ce tana jan kilo 3,500. Wannan da sharaɗin tirelar tana da birkinta ne, kuma kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin tirela yana sauka ne a kan ƙugiyar motarka. Kilo 350 ke nan sun fita daga kusan tan ɗayan da aka yarda ka ɗauka, kafin a ƙirga kai da fasinjoji da abin da ke baya. Babban inji da otomatik da ja da taya huɗu duk nauyi ne, kuma daga kasonka ake cire shi, har wani lokaci mai ƙaramin inji ta fi mai babba izinin kaya. Buɗe ƙofar direba ka duba ƙaramar takardar da ke manne a ginshiƙi, ko farantin da ke jikin motar, nan ne ainihin lambar take. Na taɓa hawa sikelin manyan motoci da mutum huɗu a ciki, akwatin kayan aiki da tirela a ɗaure, ina ganin bayan motar kusan wayam ne, amma allon ya nuna saura kilo kaɗan in kai iyaka.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Idan dizal ɗin da aka nuna maka yana da DPF kuma tafiyarka ta tsaya yadda ka faɗa, fetur zan ɗauka hankalina kwance, in haƙura da sauke giya a ranakun siminti. Idan ba shi da DPF kuma man da kake samu mai kyau ne, ƙaramin dizal mai lita 2.4 ya ishe ka, Nm 400 ba wasa ba ne, bambancinsa da babban sai a tsere ko a jan nauyi sosai ake jinsa. Babban kuwa sai tirelar ta tabbata.

Kafin ka sa hannu, ka nemi a ba ka ta fetur da ta dizal ka gwada a rana ɗaya, a hanya ɗaya mai hawa, da mutum uku ko huɗu a ciki, kada ka yarda da zagayen fili kai kaɗai. Ka kashe rediyo ka saurari yadda giya ke canjawa. Ka tambayi tsawon garantin inji da tazarar sabis, a rubuce. In ƙarshe dizal ka ɗauka, ka saba da barin inji ya yi kamar minti ɗaya yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya ko hawa da kaya kafin ka kashe, don tarbo ya huce da mai na zagaya shi, kuma kada ka zuba baƙin man da ba wanda littafi ya ce ba, don mai DPF yana da nasa mara toka.

Ka dawo ka faɗa mana amsar dila kan DPF ɗin, da nauyin tirelar da kake tunani in an loda ta, sai mu ƙarasa lissafin tare. Allah Ya sanya alheri a cinikin.