Me ya sa ake shammatar sojoji duk da leƙen asiri?

Malam, ka tambaya: in sojoji na da jiragen leƙen asiri da tauraron ɗan'adam, me ya sa ake shammatarsu?

Aikin leƙen asiri kan fara ne da tambayar kwamanda: ina abokan gaba, me suke shiryawa? Sai a tattaro bayani daga bakin mutane, da sauraron sadarwarsu, da hotunan sama. Wajen tacewa ne gizo ke saƙa. Mai nazari ya ga hoton tankoki jere a bakin ruwa: atisaye ne ko shirin hari? Shi ya sa ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO ke auna amincin majiya daga A zuwa F, ingancin labarin kuma daga 1 zuwa 6.

A 1973 Isra'ila ta ga Masar na girke dakaru a gaɓar mashigin ruwan Suez, amma manazartanta sun riga sun ƙudurta cewa ba za a kawo hari ba. Ranar 6 ga Oktoba dakarun Masar suka ƙetare mashigin. A ganina wannan kuskuren ya fi ƙarancin bayani muni. Wani kuskuren kuma shi ne dogaro da majiya ɗaya.

In ka samu labarin da ya shafi tsaro, kada ka yaɗa shi a intanet. Kai wa jami'an tsaro su tantance.