Tambaya da Amsa: Ɗana yana rubuta "goed" a maimakon "went"

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Gumel a Jihar Jigawa, kuma ina da ɗa a aji biyar na firamare. Ya gane cewa a Turanci ana ƙara "ed" a ƙarshen aikatau idan aikin ya riga ya wuce, amma sai ya riƙa rubuta "goed" da "eated", littafinsa duk ya cika da jan biro. Ni iyakar karatuna sakandare, kuma ba mu da wasu littattafai sai na makaranta. Ta yaya zan taimake shi a gida?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Da farko ki kwantar da hankalinki, domin wannan kuskure shaida ce cewa yaron ya kama ƙa'ida, har ya yi amfani da ita a inda ba ta aiki, kuma 'ya'yan Turawa ma a Ingila suna cewa "goed" suna ƙanana kafin kunnensu ya saba.

Abin da ke ba yaran Hausawa wahala shi ne, a harshenmu lokaci yana bayyana ne a ɗan kalmar da ke gaban aikatau: mu ce "na sha" jiya, "zan sha" gobe, "sha" ɗin kuwa yana nan yadda yake. Turanci kuma jikin aikatau ɗin yake taɓawa, har wasu su sauya kama gaba ɗaya. Ki nuna masa cewa mu ma muna da irin wannan a jam'i. Tilo saniya, jam'i shanu, akuya, awaki, doki, dawaki. Babu wanda ya zaunar da shi ya ba shi ƙa'idar waɗannan, yawan ji ne ya sa suka zauna masa, kuma ta wannan hanya "went" za ta zauna.

A ganina, ba shi dogon jeri ya haddace a dare ɗaya ɓata lokaci ne. Ki raba su gida-gida bisa yadda suke amo a kunne. "Sing" ta koma "sang", "drink" ta koma "drank", "begin" ta koma "began", kuma idan kuka rera su kamar waƙar gaɗa, ba zai jima ba zai riƙe su. Sai gidan "buy" da "bring" da "think", waɗanda suke komawa "bought" da "brought" da "thought". Akwai kuma masu sauƙi da ba sa motsi ko kaɗan, irin su "cut" da "put". "Go" da "went" kuwa ba su da dangi a cikin waɗannan, sai dai a riƙe su haka nan. Kalmomi uku ko huɗu a mako sun isa.

Muhimmin abu shi ne ya furta su cikin jimla game da abin da ya yi da kansa. Bayan sallar magariba, ki tambaye shi abin da ya yi yau, ya ce "I went to the farm" ko "I ate tuwo". Idan ya raka mahaifinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, to ya samu labari: me suka gani, me suka sayo, wa ya zo da su gida. Idan ya yi kuskure, kada ki daka masa tsawa. Ki maimaita jimlar daidai, shi kuma ya faɗa a bayanki.

Akwai wani tarko da za ki lura da shi nan gaba. Da zarar "did" ta shigo, aikatau yana komawa yadda yake tun asali, saboda haka "I did not go" ake cewa, ba "I did not went" ba. Ki bari sai "went" ta zauna masa sosai kafin ki kawo masa wannan, don kada abubuwan biyu su cakuɗe masa.